Motar da Ba Ta Ƙetare Iyaka: Labarin Tafiyar Tsofaffi da Masu Naƙasa a Amurka

Duk wanda ya taɓa fatauci ya san wahalar sauke kaya a kan hanya. Mota ta kawo mutum wani gari, direba ya ce iyakarsa ke nan, sai falke ya sauke buhunansa a bakin titi ya zauna jiran wata, rana tana yi, kasuwar da ya nufa tana ci ba da shi ba. Mai ƙarfi ya kan jure wannan, ya yi tsaki ya wuce. To, mai karatu ya duba yadda abin zai kasance idan wanda aka sauke ɗin tsohuwa ce mai shekara 80, ko makaho, ko gurgu a bisa kekensa, kuma ba kasuwa za shi ba, asibiti za shi, likita ya riga ya yanka masa sa'a. Wannan al'amari ya daɗe yana damun mutanen Amurka, ƙasar da ake zaton kowa da motarsa, kuma akwai abin lura a cikinsa ga malami da ɗan kasuwa baki ɗaya.

Yadda aka yanka ƙasar

Amurka jihohi 50 ce, kusan ko wace jiha kuwa an yanka ta gunduma-gunduma, abin da su ke kira kaunti. Gundumomin nan sun haura 3,000. Jihar Tekzas ita kaɗai tana da 254, jihar Delawa kuwa 3 tak gare ta. Galibinsu ko wace tana da majalisarta da baitulmalinta, tana karɓar harajin gidaje da filaye daga mutanenta. Motocin safa na hukuma, waɗanda talaka ke shiga, yawancinsu birni ne ko gunduma ke riƙe da su, ko wata hukuma da aka kafa dominsu, da kuɗin harajin mutanen wurin, Gwamnatin Tarayya da ta jiha suna tallafawa. Tun da haka ne, wanda ya biya shi ke faɗin inda mota za ta, kuma mai biyan haraji ba ya son ganin motar gundumarsa tana ƙona mai a ƙasar maƙwabta.

Amma fa zaman mutane bai bi wannan yanka ba. Mutum yana kwana a wata gunduma, likitansa yana wata, 'yarsa tana aure a ta uku. Garuruwan ƙasar a warwatse aka gina su, domin masu mota aka tsara su, har kantin sayen abinci ma sau da yawa ba ya tafiyuwa a ƙafa. Muddin mutum yana iya tuƙi ba ya ko sanin inda iyakar gunduma ta ke. Ranar da ido ya yi rauni, ko ƙafa ta ƙi, ya ajiye mabuɗin mota, ran nan ne iyakar za ta tsaya masa a gaba kamar ganuwa.

Masu ajiye mabuɗin nan kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙidayar shekarar 2020 ta sami mutum miliyan 55.8 waɗanda su ka kai shekara 65 ko su ka wuce, watau kusan mutum ɗaya cikin ko wane shida. Masu bincike sun kiyasta tsoho ya kan rayu wajen shekara 7 zuwa 10 bayan ya bar tuƙi, mata sun fi maza daɗewa a wannan hali. Har wa yau, daga 2010 zuwa yanzu asibitocin ƙauye fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da majiyyata, saboda haka tafiyar neman magani ta ƙara tsawo, ta ƙara ƙetare iyakoki.

Yadda aka sami haƙƙin shiga mota

Kafin a zo maganar iyaka, sai da masu naƙasa su ka yi fama a kan shiga motar kanta. Motocin safa na dā matakala gare su masu tsayi, mai keken guragu ba shi da hanyar hawa. Ran 5 ga watan Yuli 1978, a birnin Denba na jihar Kolorado, mutum 19 masu naƙasa su ka fito da kekunansu su ka tare motocin safa biyu a wata babbar mararraba kusa da majalisar jihar, su ka hana su motsi yini da kwana, waɗansu su ka sauka daga keke su ka kwanta a kan kwalta. Wani limamin Kirista mai suna Wed Bilank ne jagoransu. Abin da ya fusata su shi ne hukumar motocin ta sayi sababbi fiye da 200 ba ko ɗaya da ke da abin ɗaga keke. Daga baya hukumar ta sauko, ta yarda ta gyara. Daga wannan taro ƙungiyar ADAPT ta samo asali a 1983, ta yi shekaru tana bin shugabannin sufuri gari-gari tana tare musu hanya.

Ran 12 ga watan Maris 1990, da su ka ga Majalisar Tarayya tana jan ƙafa, sai mutum wajen 60 su ka bar kekunansu da sandunansu a gindin ginin majalisar a Washinton, su ka hau matakalarsa da rarrafe, har da wata yarinya 'yar shekara 8. Ran 26 ga watan Yuli na wannan shekara shugaba Joj Bush na fari ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu naƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ADA.

Dokar ta zo da abu biyu a kan sufuri. Na fari, duk sabuwar safa da hukuma za ta saya dole mai keke ya iya shiga. Na biyu, wanda naƙasarsa ta hana shi amfani da safar ko da an gyara ta, dole hukumar ta aiko masa da ƙaramar mota ta ɗauke shi daga inda ya ke ta kai shi inda za shi. A nan za a kira ta motar ƙofa. An gindaya mata sharuɗɗa dalla-dalla. Tana aiki a ranaku da sa'o'in da safa ke aiki. Kuɗinta ba zai wuce ninki biyu na kuɗin safa ba. Wanda ya buga waya yau a ɗauke shi gobe, in za a gusa masa lokaci kada ya wuce sa'a ɗaya gaba ko baya. Ba a tambayarsa dalilin tafiyarsa, asibiti ne ko ziyara. Mai kula da shi kuma kyauta zai shiga.

Inda dokar ta tsaya

Duk wannan alheri ne, amma mai karatu ya lura da wuraren da dokar ta yi shiru, gama a nan matsalar ta ke.

Wajibcin motar ƙofa bai wuce kashi uku cikin huɗu na mil ba daga ko wane gefe na hanyar da safa ke bi. Gidan da ya ɗara haka, ko asibitin da ya ɗara haka, dokar ba ta tilasta a je ba. Garin da ba shi da safa ko kaɗan, ba abin da ke kansa. Motocin da ke jigilar ma'aikata safe da yamma tsakanin birni da garuruwan nesa, su ma ba a ɗora musu wannan nauyi ba. Tsufa shi kaɗai ba ya ba mutum haƙƙin motar ƙofa, sai an gwada an tabbata ba ya iya shiga safa. Sa'an nan ga babbar magana: ba a wajabta wa hukuma ta ƙetare iyakar ƙasar da ta ke da iko a cikinta ba idan doka ba ta ba ta izinin aiki a can ba, ko da ya ke an ce ta yi iyakar ƙoƙarinta ta nemi izinin. Baƙo kuwa, wanda wata hukuma ta ba shi takardar shaida, ana karɓarsa kwana 21 a shekara, in ya wuce haka ana iya cewa ya nemi takardar wurin daga farko.

A ɗauki misalin wata tsohuwa mai ciwon ƙoda. Mai wannan ciwo galibi sau uku a mako ake ɗora shi a kan na'urar wankin ƙoda, ko wane zama wajen sa'a huɗu, kuma tsallake zama ɗaya haɗari ne ga rai. Gidanta yana wannan gunduma, wurin wankin yana waccan, tsakaninsu tafiyar minti 25 ga mai mota. Ita kuwa sai an shirya mata mota biyu, ta wannan hukuma da ta waccan, ko wace da littafinta da lokacinta. Ta farko za ta kai ta wurin da aka ajiye domin musanya, sau da yawa filin ajiye motoci na wani babban kanti a kan iyaka. In ta biyu ta makara sai jira, a jihohin arewa kuwa lokacin sanyi ƙanƙara ce ke zuba. In ta farko ce ta makara, ta biyu ta kan wuce abinta, gama akwai waɗansu da ke jiranta. Da dawowa, bayan na'ura ta tsotse mata ƙarfi, jiki na rawa, haka za ta sake yi. Ana iya biyan kuɗin mota sau biyu a zuwa, sau biyu a komowa. Wanda tafiyar asibiti ta zamar masa haka, ba sai an faɗi abin da zai faru da ziyarar 'yan'uwa da gaisuwar mutuwa da zuwa wurin ibada ba. Zumunci a ƙafa ya ke, in ƙafa ta yanke sai kaɗaici, likitocin ƙasar kuwa suna lissafa kaɗaici cikin abubuwan da ke gajarta kwanan tsofaffi.

Kuɗi da yawa, jaka dabam-dabam

Wani zai ce rashin kuɗi ne. Lalle motar ƙofa tana da tsada. Ofishin da ke binciken kuɗin gwamnati a madadin Majalisa ya lissafa cewa a 2010 tafiya ɗaya a motar ƙofa tana cin dala 29 da santi 30, alhali ta safa dala 8 da santi 15 ce, watau ninki uku da rabi. Abin da mai shiga ke biya ɗan kaɗan ne daga ciki, saura hukuma ke cikawa. Motar da ta kai mutum ɗaya can cikin wata gunduma kuma ta kan komo wayam, an biya direba, an ƙona mai. Don haka ko wane shugaban hukuma ya ke ɗari-ɗari da tafiyar ƙetare.

Amma wannan ofishi dai ya gano wani abin mamaki. A 2003 ya ƙirga shirye-shirye 62 na Gwamnatin Tarayya waɗanda ke iya biyan kuɗin ɗaukar tsofaffi da masu naƙasa da talakawa. Da ya sake ƙirgawa a 2012 sai ya sami 80. Akwai kuɗin ma'aikatar sufuri. Akwai na shirin Medicaid, wanda aka kafa a 1965 domin maganin marasa ƙarfi, yana biyan kuɗin kai majiyyaci asibiti. Akwai na dokar tsofaffi, ita ma ta 1965. Akwai na tsofaffin sojoji, da na koyar da sana'a, da sauransu. Ko wace jaka da sharaɗinta: wannan ta masu shekara kaza ce, waccan ta zuwa asibiti kaɗai ce, wata kuma ta mazauna gunduma kaza. Sai ka ga motoci uku sun shiga unguwa ɗaya da safe ɗaya, ko wace ta ɗauki mutum guda, duka sun nufi asibiti ɗaya, ga tsoho na huɗu a tsaye a ƙofar gidansa ba wadda sharaɗinta ya hau kansa. Ɗan kasuwan da ya ɗauki hayar lori uku domin kayan da ba su cika ɗaya ba, ba ya bukatar a gaya masa inda ribarsa ta tafi.

Gwamnati ta ga wannan ɓarna. A watan Fabrairu 2004 shugaba Joj Bush na biyu ya ba da umurni a kafa majalisar da za ta haɗa kan ma'aikatun da ke riƙe da jakunkunan nan. A 2005 aka yi doka cewa duk mai neman kuɗin Tarayya na sufurin tsofaffi da masu naƙasa, sai aikinsa ya fito daga cikin tsari ɗaya da mutanen yankin su ka zauna su ka yi tare. Wannan kuɗi, wanda ake kira da lambar sashensa na doka, 5310, yana biyan kashi 80 cikin 100 na sayen mota da kashi 50 na gudanar da ita, saura mutanen wuri su kawo. Umurni daga sama ya taimaka, amma bai iya tilasta wa gunduma ta buɗe baitulmalinta domin maƙwabciyarta ba. Wannan sai mutanen wurin da kansu, kamar yadda labarin Ditroyit zai nuna.

Labarin Ditroyit

Ditroyit, a jihar Mishigan, shi ne birnin da ya yi suna da ƙera motoci, gidan Ford da General Motors da Chrysler. Birnin yana cikin gundumar Wen. Ta arewa da shi akwai wani dogon titi da ake kira Mil Takwas, shi ne iyaka tsakanin Wen da gundumomin Okland da Makom. Bayan yaƙin duniya na biyu masu hali, galibinsu farar fata, su ka yi ta ƙaura suna ƙetare wannan titi, kantuna da masana'antu da asibitoci da dama su ka bi su, birnin ya rage yawancin mazaunansa baƙar fata ne, da yawa ba su da mota. Titin ya zama iyakar haraji, ya kuma zama iyakar zukata.

Motocin safa ma biyu aka yi. Birni yana da nasa, DDOT, garuruwan kewaye suna da nasu, SMART. Daga 1995, da aka ɗora harajin gidaje domin riƙe SMART, sai aka bar wa ko wane gari a Wen da Okland zaɓi, ya shiga ko ya fita. Garuruwa da dama su ka fita. Taswirar motoci ta koma kamar tsohon zane mai huji-huji: safa ta bi ta wannan gari tana tsayawa, ta kai na gaba ba ta da izinin aiki. Inda safa ba ta aiki kuwa, wajibcin motar ƙofa ya faɗi. Garuruwan da su ka fita waɗansu sun sayi 'yan motocinsu na tsofaffi, amma sau da yawa ba sa nisa da iyakar garin.

A watan Fabrairu 2015 wata jaridar birnin ta buga labarin wani ma'aikaci mai shekara 56, wanda motarsa ta mutu shekaru goma da su ka gabata, yana taka mil 21 a ƙafa kullum tsakanin zuwa da komowa, domin masana'antar da ya ke aiki tana garin da ya fita daga harajin. Labarin ya zaga duniya, mutane su ka tara masa fiye da dala 300,000, aka ba shi sabuwar mota. Shi an share masa hawaye. Amma masu hankali a birnin su ka yi tambaya: wannan lafiyayye ne ya iya takawa, gurgu fa, da tsohuwa mai sanda?

Tun a watan Disamba 2012 majalisar jihar ta kafa hukuma ɗaya domin daidaita sufurin gundumomi huɗu, Wen da Okland da Makom da Washtino, bayan an gwada haka fiye da sau 20 cikin shekaru 40 ana kasawa. Sai dai hukuma ce ba jaka. A watan Nuwamba 2016 ta kai roƙonta gaban masu ƙuri'a: dala 1 da santi 20 a shekara a kan ko wace dala 1,000 ta ƙimar gida a littafin haraji, har shekara 20. Cikin abin da ta yi alkawari akwai kyautata ɗaukar tsofaffi da masu naƙasa tsakanin gundumomin. Wen da Washtino su ka yarda, Okland ta ƙi da ɗan rinjaye kaɗan, Makom ta ƙi ƙwarai. Cikin ƙuri'u wajen miliyan 1.8, roƙon ya faɗi da tazarar wajen 18,000.

Masu ƙin ba duka ne marasa tausayi ba. Hujjarsu ita ce mutumin da ke can ƙarshen gunduma, cikin gonaki, zai biya harajin motar da ba za ta taɓa bi ta ƙofarsa ba, kuma tsofaffi masu gida da ɗan fansho su ne harajin gida ya fi yi wa nauyi. Magana ce mai kama hankali, masu neman gyara kuwa sun koyi darasi daga gare ta.

Da babban shiri ya faɗi, sai aka koma gyara kaɗan-kaɗan. A watan Janairu 2018 SMART ta buɗe hanyoyi uku masu sauri a manyan titunan da ke fita daga tsakiyar birni zuwa garuruwan kewaye, ba sauka a kan iyaka. A watan Mayu 2019 hukumomin biyu su ka haɗa tikiti ɗaya mai suna Dart, wanda a lokacin buɗe shi dala 2 ne na sa'a huɗu a motocin duka biyu, tsofaffi da masu naƙasa kuwa santi 50. Sa'an nan a watan Nuwamba 2022 gundumar Okland ta sa ƙuri'a a kan haraji ɗaya na gunduma duka, santi 95 a kan ko wace dala 1,000, har shekara 10, ba sauran zaɓin fita. A wannan karo an yanka wa ƙananan ƙungiyoyin da ke ɗaukar tsofaffi a ƙauyukan arewa da yammacin gundumar rabonsu a fili, mutumin gona ya ga abin da zai samu. Roƙon ya ci. Daga 2023 safa ta fara shiga garuruwan da su ka yi shekaru ba su gan ta ba, motar ƙofa kuma ta biyo ta, gama doka ta ɗaure su tare.

Inda aka daidaita lissafi

Akwai wuraren da su ka riga Ditroyit. Babban birnin ƙasar, Washinton, yana tsakanin jihohi biyu, Merilan da Bajiniya, watau iyakarsa ta fi ta gunduma wuya. Amma tun 1967 ɓangarorin uku su ka ƙulla yarjejeniya su ka kafa hukumar sufuri ɗaya. A 1994 ta buɗe motar ƙofa mai suna MetroAccess, wadda ke aiki a birnin da gundumomi biyu na Merilan da na Bajiniya da ke maƙwabtaka. Takardar shaida ɗaya ce, lambar waya ɗaya ce, mutum ya shiga a wannan jiha ya sauka a waccan. Asirin abin yana cikin littafi: ana rubuta ko wace tafiya, a ƙarshe a raba kuɗin bisa ga inda mai tafiyar ke zaune, ko wace hukuma ta biya na mutanenta. Ba wanda zai ce an ci da guminsa.

A Shikago kuma, tun 1974 aka ɗaure gundumomi shida na yankin a ƙarƙashin tsari ɗaya na sufuri, a watan Yuli 2006 aka miƙa motar ƙofa ta cikin birni ga Pace, hukumar da ke riƙe da ta garuruwan kewaye, ta zama hannu ɗaya ke riƙe da duka. Yankin yana da faɗi, doguwar tafiya har yanzu ta kan bukaci canjin mota, amma mai shirya motar farko da ta biyu gida ɗaya ne, in an yi kuskure an san wanda za a kama.

Abin da gyara ke bukata

Daga waɗannan wurare ana iya tsamo abin da ke aiki. Takardar shaida ta zama ɗaya, wanda aka gwada a wannan gunduma kada a sake wahalar da shi a waccan. Wurin kira ya zama ɗaya, da ma'aikaci wanda ya san dukkan jakunkuna da dukkan motocin yankin, tsoho ya faɗi inda za shi kawai, shi ma'aikacin ya nemo hanya. Kuɗin 5310 yana biyan kashi 80 na irin wannan aiki, daidai da sayen mota. Mutum ya zauna a kujera ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa, in kuwa canji ya zama dole, motar farko kada ta tafi sai ta biyu ta iso. A yarda majiyyacin Medicaid da tsohon soja da makaho su shiga mota ɗaya, ko wace jaka ta biya rabonta bisa ga nisan tafiya. Duk waɗannan suna rataye ne a kan yarjejeniya rubutacciya wadda ta faɗi wanda zai biya, da nawa, da wanda inshorarsa za ta ɗauki nauyi in haɗari ya auku a ƙasar wani.

A ƙauyuka masu nisa, inda babu safa balle motar ƙofa, abin dogaro shi ne 'yan sa kai masu ɗaukar tsofaffi a motocinsu, kuma su iyaka ba ta dame su ba. Sai dai su ma yawancinsu tsofaffi ne, kuma rangwamen haraji da doka ta yanka wa mai tuƙin taimako santi 14 ne a mil tun 1998, alhali wanda ke tuƙi domin kasuwancinsa an yanka masa santi 70 a 2025. Wanda ake so ya yi tafiyar mil 60 domin maƙwabcinsa, ya kamata a duba masa kuɗin mai.

Mutum 19 ɗin da su ka kwanta a kan titin Denba sun sami abin da su ka nema, yau da wuya a ga safar hukuma a biranen Amurka wadda mai keke ba ya iya shiga. Wanda ya rage aiki ne na masu alƙalami da littafin lissafi, a ofisoshin gundumomi, kuma a wurare da yawa ba a gama shi ba tukuna. Masu sa ƙuri'a a kan harajin nan galibinsu da motarsu su ke zuwa rumfar zaɓe, amma in kwana ya yi tsawo ko wanensu zai ajiye mabuɗi wata rana, ya buga waya ya jira a zo a ɗauke shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa a tsufa da mutunci.